Moonrise Kingdom: Fim Ɗin Da Aka Ɗinka Da Hannu

Minti 94 ne kacal tsawonsa, amma a cikin fina-finan da na taɓa kallo babu wanda aka zuba wa kulawa lungu-lungu kamar Moonrise Kingdom, wanda darakta Wes Anderson ya fitar a 2012. Ina son fim ɗin nan so na haƙiƙa. Ina son tantunansa, ina son akwatunansa, ina son wasiƙun da ke cikinsa, har kan sarkin da aka manna a bayan ambulan ina so. Duk wanda ke jin daɗin tsofaffin kaya, duk wanda ya san darajar aikin hannu, duk wanda ya taɓa kwana a sansani yana yaro har yau abin bai bar ransa ba, to ga naku an kawo muku har gida.

Labarin ya faru ne a watan Satumba na 1965, a wani tsibiri da ake kira New Penzance a gaɓar arewa maso gabashin Amurka. Babu wannan tsibiri a duniya. Anderson da abokin rubutunsa Roman Coppola ne suka ƙago shi, suka zana masa taswira, suka ba shi tarihi da hanyoyin daji da ofishin ɗan sanda ɗaya tilo. A can ne Sam Shakusky, maraya ɗan shekara 12, ya gudu daga sansanin 'yan sikawut mai suna Ivanhoe, domin ya haɗu da Suzy Bishop, tsararsa, wadda ita ma gidansu ya ishe ta. Shekara guda suka yi suna musayar wasiƙu kafin su tsayar da ranar tafiya. Da suka ɓace sai tsibirin ya ruɗe: iyayen yarinya, shugaban sikawut, ɗan sanda, da sauran yaran sansani, kowa ya bazama nema, ga kuma wata gagarumar guguwa tana tafe nan da kwana uku.

Kafin a shiga cikin fim ɗin, yana da kyau mai karatu ya san abin da sansanin bazara yake nufi ga Ba'amurke. Idan makarantu suka yi dogon hutu daga Yuni zuwa Agusta, iyaye da yawa kan tura 'ya'yansu daji ko bakin tafki su yi makonni suna kwana a tanti ko bukkar katako, suna koyon tuƙa kwalekwale, hura wuta, ɗaure igiya, harbin kibiya da sassaƙa. Al'adar ta daɗe. A 1861 wani malami mai suna Frederick Gunn ya kwashi ɗalibansa a jihar Connecticut suka fita zaman daji, kuma ana yawan ƙirga wannan a matsayin mafarin abin. Sansanin Dudley da ke jihar New York tun 1885 yake aiki. Sai Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya yi sansanin gwajinsa a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, ƙungiyar sikawut ta isa Amurka a 1910, ta kuma bazu har ta zo mana nan, inda mu ma muka san yara masu kaki da ƙyalle a wuya. Saboda haka miliyoyin manya a Amurka suna ɗauke da kewar wani lokaci guda: warin hayaƙin itace, tocila a cikin tanti, wasiƙar gida da ake jira. Wannan kewar ce Anderson ya ɗauka ya gina mata gida.

Kuma wane irin gini! Dubi yadda aka gabatar da sansanin Ivanhoe. Shugaban sikawut Randy Ward, wanda Edward Norton ya fito a matsayinsa, ya fito daga tantinsa da safe, kyamara ta bi shi a hankali daga hagu zuwa dama yana duba aikin yaransa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya haɗa bayan gida da katako da igiya har da dabarar kora ruwa. Wancan yana harhaɗa kayan wasan wuta. Wasu sun kafa ɗaki a ƙolin wata siririyar bishiya, can sama inda ko kallonsa sai ka ɗaga kai, kuma ko a jikinsu. Kowane tanti da launinsa, kowace alama da aka kafa da rubutun fenti, kowace riga da bajojinta. Ƙungiyar da suke ciki, Khaki Scouts, ita ma ƙirƙira ce, don haka babu kantin da za a shiga a sayo kayanta. Dole mai tsara sutura Kasia Walicka-Maimone da mutanenta suka zauna suka fitar da kakin, da ƙyallen wuya mai ruwan ɗorawa, da tambari, da lambar runduna ta 55. Idan ka tsayar da hoton ka ƙura ido za ka ga abin da mai sanin hula ke gani idan ya juya ɗinkin hannu ya duba cikinsa: zare bai tafi daidai-wa-daida kamar na inji ba, amma kowane ɗigo yana shaida cewa mutum ya zauna ya ba shi lokacinsa.

Wurin da ya fi kama ni shi ne inda yaran biyu suka yada zango, Sam ya ɗauko takarda ya ce bari a ƙirga kayan da Suzy ta zo da su. Kai jama'a! Yarinya za ta shiga daji, amma ga abin da ta ɗauko: akwati mai ruwan ɗorawa, ƙaramin garmaho mai aiki da batir wanda ta ara daga ƙanenta ba da saninsa ba, faifan mawaƙiyar Faransa Françoise Hardy, almakashin bahagwai, 'yar kyanwa a cikin kwando da gwangwanayen abincinta, madubin hangen nesa da ba ya barin wuyanta, sai littattafai shida da ta ɗauko daga laburare. Babu wanda ya tsaya ya yi mana bayanin wace ce Suzy, kayanta sun riga sun faɗa. Madubin na yarinyar da ke tsaye nesa da mutanen gidansu ce tana hangensu. Littattafan na wadda take neman wata duniya ce. Almakashin na wadda aka saba ba wa abin da bai dace da hannunta ba, har ta riƙe nata guda ɗaya gam. Shi kuwa Sam, da hularsa ta fatar dabba mai wutsiya, da lofensa na totuwar masara, da taswira da kamfas da tukunyar girki, akwai wani ɗan ƙarfen ado da ya maƙala a ƙirjin rigarsa a tsakanin bajojinsa. Na mahaifiyarsa ne da ta rasu. Wanda bai ji wani abu ya motsa a zuciyarsa a wannan wuri ba, sai dai in bai lura ba.

Littattafan nan shida kuwa su ne abin da nake nuna wa duk wanda ya ce mini ai kayan fim kayan fim ne. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka taɓa bugawa. Anderson ne ya ƙirƙiri sunayensu, irin su The Girl from Jupiter da The Francine Odysseys, ya rubuta sassan da Suzy ke karantawa da babbar murya, sannan aka ba masu zane shida aikin bangon, kowa da nasa, domin kada su yi kama da juna. An yi musu launi da rubutu irin na littattafan yara na wancan zamani, har da alamun laburare. A fim ɗin, bango ɗaya ba ya wuce 'yan daƙiƙu a gaban ido. To wa zai sa mutum shida aiki saboda 'yan daƙiƙu? Sai wanda ya ɗauki duniyar yaro da muhimmanci. Haka rubutun sunayen da ke fitowa a farko da ƙarshen fim ɗin: mai zanen haruffa Jessica Hische ce ta zana shi musamman, mai lanƙwasa kamar rubutun wasiƙa, daga baya ma aka fitar da shi kasuwa da sunan Tilda.

Wasiƙun su ma abin kallo ne. Kowane yaro da irin takardarsa da irin hannunsa, kuma ana nuna mana su ɗaya bayan ɗaya cikin sauri, muna jin muryoyinsu, muna ganin wahalar da kowanne ke sha a inda yake. Jared Gilman da Kara Hayward, yaran da suka fito a matsayin Sam da Suzy, ba su taɓa yin fim ba kafin wannan. Anderson ya sa su riƙa rubuta wa juna wasiƙa da hannu kafin a fara ɗauka, domin su san yadda jiran amsa yake. Ina ganin wannan ya fito a fuskokinsu. Sa'ad da suka hango juna a tsakiyar fili, shi da furanni a hannu, ita da akwatinta, tsayuwarsu ta mutanen da suka san juna a takarda ce tun kafin su saba da juna ido da ido.

Gidan su Suzy ma wata taska ce. Da shi fim ɗin ya buɗe: kyamara tana zagayawa ɗaki-ɗaki, hawa-hawa, ƙannenta uku suna kwance a ƙasa suna sauraron faifai, ruwa yana zuba a waje, ga darduma saƙar hannu, ga zane-zanen jiragen ruwa a bango, ga kantocin littattafai. Wajen gidan wata tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa ce a Jamestown, jihar Rhode Island, inda aka ɗauki fim ɗin a 2011. Cikinsa kuwa gina shi aka yi a cikin wani babban kanti da aka daina amfani da shi, ƙarƙashin jagorancin mai tsara dandali Adam Stockhausen, wanda daga baya ya ci kyautar Oscar da wani fim ɗin Anderson, The Grand Budapest Hotel. Babban sansanin da ake kira Fort Lebanon a labarin, an ɗauke shi a sansanin sikawut na gaske, wato Yawgoog, wanda ke karɓar yara tun 1916. A sauran sassan fim ɗin kuma ga tarho mai waya da ma'aikaciyar da ke haɗa layi da hannu, ga rikodar da Ward ke faɗa wa rahotonsa kowane dare, ga lasifikar hannu da uwar Suzy ke kiran 'ya'yanta cin abinci da ita a cikin gida ɗaya. Wannan lasifika kaɗai ta isa ta gaya maka nisan da ke tsakanin mutanen gidan.

Sannan launi. Robert Yeoman ya ɗauki fim ɗin da zaren fim mai faɗin milimita 16, a lokacin da masu shirya fim da yawa ke komawa kyamarar zamani. Shi ya sa hoton yake da ɗan tsakuwa-tsakuwa da ɗumi, rawaya da kore da ruwan ƙasa suna narkewa cikin juna, tamkar wani ne ya ɗauka a 1965 ɗin ya ajiye. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sautin fim ɗin ya bi hanya ɗaya da kayansa. Sam ya fara ganin Suzy ne a wani coci inda yara ke wasan kwaikwayon waƙa na Benjamin Britten mai suna Noye's Fludde, wato labarin ruwan ɗufana na Annabi Nuhu, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Yara sun yi shigar dabbobi da tsuntsaye biyu-biyu da kayan da aka yanka aka ɗinka, ita Suzy ta fito a hankaka. Britten ya kammala wannan aiki a 1958 domin yara da waɗanda ba ƙwararru ba, har ya sa aka rataya kofunan shayi a igiya ana buga su da cokalin katako don su ba da ƙarar ɗigon ruwa. Ka ga ko kiɗan ma aikin hannu ne. Anderson kansa ya shiga wannan wasa yana yaro a Texas, abin ya zauna masa. Faifan da ƙannen Suzy ke saurara a farko shi ma na Britten ne, wanda ke rarraba kayan kiɗa ɗaya-ɗaya yana gabatar da su ga yara kafin ya haɗe su wuri guda. Haka labarin yake tafiya: kowa a ware, kowa da kaɗaicinsa, sai ambaliya ta tattara su a ƙarƙashin rufi ɗaya. Alexandre Desplat ya ƙara nasa kiɗan, tsofaffin waƙoƙin Hank Williams kuma suna bin ɗan sandan tsibirin duk inda ya shiga. Don Allah kada ka kashe idan sunaye suka fara fitowa a ƙarshe. Akwai muryar yaro da ke kiran sunan kowane abin kiɗa yana shigowa, kuma yana daga cikin mafi daɗin abin da ke fim ɗin.

Wasu kan ce fina-finan Anderson ado ne kawai, wai komai a jere, komai a tsakiya, babu rai. Ni ban yarda ba, kuma wannan fim ɗin ne hujjata. Duk wannan tsari yana da dalili. Sam yaro ne da iyayensa suka rasu, mutanen da ke riƙonsa suka aiko da saƙo cewa kada ya dawo musu, yaran sansani ba mai ƙaunarsa. Ina zai sami abin dogaro? A igiyar da ya iya ɗaurewa, a tantin da ya iya kafawa, a taswirar da ya iya karantawa. Da ya so ya yi wa Suzy kyauta, ba shi da ko sisi, sai ya ɗauki ƙugiyar kamun kifi da ƙwari masu sheƙi ya haɗa mata 'yan kunne. Ita kuma ta tsinci wani ɗan littafi a kan firjin gidansu mai koya wa iyaye yadda za su yi da yaro mai matsala, ta gane da ita ake. Anderson ya faɗa cewa shi ma ya taɓa tsintar irin wannan littafi a gidansu. A duniyar da manya suka kasa kula da yara, yaran suna kula da kayansu, suna yi wa juna abu da hannunsu. Kulawar da masu shirya fim ɗin suka ba kowane maɓalli da kowane bajo, ita ce kulawar da Sam da Suzy ke nema. Adon shi ne saƙon.

Manyan jaruman kuwa sun sauke girman kai sun yi wa yara hidima. Bruce Willis, wanda muka saba gani yana harbi yana fasa gine-gine, ya fito a Kyaftin Sharp, ɗan sanda mai sanyin hali da ke zaune shi kaɗai a wani ɗan ɗaki mai taya. Zaman da ya yi da Sam a kan tebur, yana soya masa abinci yana sauraronsa kamar babba da babba, yana daga cikin mafi kyawun abin da ya taɓa yi a gaban kyamara. Norton ya ba Ward zuciya mai tsabta, malamin lissafi da ya ɗauki sikawut a matsayin ainihin aikinsa, wanda ya ji ciwo ƙwarai da ya gano cewa yaron da ke hannunsa maraya ne bai sani ba. Bill Murray da Frances McDormand su ne iyayen Suzy, lauyoyi biyu da aure ya yi musu sanyi. Tilda Swinton ta zo cikin shuɗin kaya a matsayin jami'ar hukuma da ko suna ba a ba ta ba, sai sunan ofishinta. Tambayar da fim ɗin ya ɗora a gaban dukansu tambaya ce da Bahaushe ya sani sarai: wa zai riƙe maraya? Mu da muke cewa ɗa na kowa ne, amsar da aka bayar a kan rufin cocin nan cikin tsawa da ruwa za ta yi mana daɗi. Ba zan faɗe ta ba, gani ya kori ji.

Gaskiya ɗaya da ya kamata in faɗa wa iyaye: fim ne game da yara, amma na manya ne da matasa. Akwai wani wuri a bakin ruwa inda yaran biyu ke rawa da nuna wa juna so ta hanyar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba, akwai kuma maganar cin amanar aure a tsakanin manya. A Amurka ma an yi masa alamar cewa ƙasa da shekara 13 sai da lurar iyaye. Babba ya fara kallo tukuna, ya san inda zai tsallake.

Abin da ya ƙara mini son wannan aiki shi ne sanin cewa Anderson a 1969 aka haife shi, shekara huɗu bayan lokacin da ya sa labarinsa. Bai rayu a 1965 ba. Tattaro ta ya yi, kamar yadda masu tara tsofaffin kaya ke yi, daga faifai da hotuna da littattafai da kayan gwanjo, abin da bai samu ba kuma ya sa aka ƙera. Shi kansa ma'ajiyi ne na gaske: ya daɗe yana adana kayan fina-finansa maimakon ya bari su watse, har aka baje kolinsu a Paris da Landan a 2025, mutane suka yi layi don su ga riguna da littattafai da ƙananan gine-ginen da aka yi da hannu. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma wannan tuna baya na daban ne. Fim ɗin bai ce da can komai lafiya ba ne, ya nuna marayu da gidajen da suka tsage da hukuma marar tausayi. Abin da ya ɗauko daga wancan zamani shi ne haƙurin yin abu da hannu da kuma riƙe shi da daraja.

Duniya ma ta yaba. Da shi aka buɗe bikin fina-finai na Cannes a Faransa a watan Mayu na 2012, ya shiga takarar Oscar a fannin rubutun labari, kuma fim ɗin da aka kashe wa kimanin dala miliyan 16 ya dawo da fiye da miliyan 60. A ma'aunin Hollywood wannan ƙaramin jari ne, abin da ya ɗaga shi ido ne da haƙuri. Ina fata masu shirya fina-finanmu na Hausa su zauna su kalle shi da takarda da biro. Muna da maɗinka, da majema, da masassaƙa, da marina, da masu zanen allo, muna da tsofaffin rediyo da akwatunan ƙarfe da ke jibge a ɗakunan kakanninmu. Ranar da darakta zai kira waɗannan mutane ya ce su gina masa Kano ko Zinder ta shekarun 1960, ya bar kayan ɗaki su faɗi halin mai ɗakin, ranar za mu ga abin mamaki.

Nemi Moonrise Kingdom ka kalla. Karo na farko ka bi labarin, karo na biyu ka riƙe abin tsayarwa a hannu ka karanta kowace wasiƙa, ka duba kowane bango, ka ƙirga bajojin da ke ƙirjin Sam. Idan maki goma ake bayarwa, na ba shi goma cif, kuma da zuciya ɗaya na bayar.